Kyamara a Hannun Yaro, Almakashi a Hannun Wa?

Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A kan wannan magana sana'ar hoto ta kafu, domin duk wanda aka nuna wa hoto yakan ɗauka ya fita daga sahun jiyau ya shiga na ganau. Sai dai kuma ganin hoto gani ne na aro. Mai kallo yana aron idon wanda ya riƙe kyamara ne, ya tsaya inda ya tsaya, ya dubi abin da ya duba, abin da mai kyamarar ya juya wa baya kuwa ba zai taɓa sanin akwai shi ba. Saboda haka tambayar da ta kamaci mai nazarin hoto ita ce wadda ɗalibin adabi ya saba yi wa ƙagaggen labari: wane ne mai ba da labarin nan, kuma wa yake ba wa?

Shekaru masu yawa hotunan yaran unguwannin marasa galihu na manyan birane baƙi ne ke ɗaukar su. Daga ƙarshen shekarun 1980 sai wata dabara ta yaɗu: a miƙa wa yaran kyamara, a haɗa su da gwanin da zai koya musu, su ɗauki rayuwarsu da hannunsu. Hujjar masu wannan dabara ita ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan maƙala za ta tarki wannan da'awa ta hanyar duba fim ɗin da ya fi kowane aiki tallata ta a duniya, wato Born into Brothels na shekarar 2004, sannan ta auna shi da shirin Shootback na unguwar Mathare a Nairobi. Matsayin maƙalar shi ne, latsa maɓallin kyamara ɓangare ne ƙanƙani na ikon ba da labari. Babban ikon yana wurin zaɓen hoto da jera shi da raɗa masa suna da kai shi gaban masu kallo, kuma shirin da ya miƙa kyamara ya riƙe waɗannan bai yaye ɗalibinsa ba tukuna.

Idon Baƙo

Kafin a fahimci abin da waɗannan shirye-shirye suka zo gyarawa, sai an san ɓarnar. A shekarar 1890 Jacob Riis, ɗan jarida haifaffen Denmak, ya fitar da littafinsa How the Other Half Lives a kan gidajen haya na talakawan Niyok. Sunan littafin kansa ya raba mutane gida biyu, masu kallo da waɗanda ake kallo. Riis yakan faɗa ɗakunan kwanan mutane da tsakar dare, ya kunna hodar walƙiya, ya ɗauke su a firgice kafin su san abin da ke faruwa. Littafin ya taimaka wajen gyara dokokin gidaje a birnin, wannan ba abin musu ba ne. Amma sau da yawa ba a nemi izinin waɗanda aka ɗauka ba, kuma ba a buga littafin don mutanen cikinsa su karanta ba.

Bayan shekara saba'in da ɗaya, a 1961, mujallar Life ta aika Gordon Parks, baƙin Ba'amurke wanda shi ma ya tashi cikin talauci, zuwa birnin Rio de Janeiro. Ya dawo da hotunan Flavio da Silva, yaro ɗan shekara goma sha biyu mai fama da asma, wanda ke ɗawainiyar ƙannensa a unguwar Catacumba. Masu karatu suka yi ta aiko da kuɗi, aka kai yaron Denver aka yi masa magani, aka saya wa iyayensa gida. Mujallar O Cruzeiro ta Birazil kuwa ta ga an ci mutuncin ƙasarta, sai ta aika nata mai hoton, Henri Ballot, zuwa Niyok ya ɗauko mata hotunan wani iyali matalauta a Manhattan. Ramuwar ta nuna cewa hoton talauci yana da alƙibla: daga wurin marasa ƙarfi ake ɗauko shi a kai wa masu ƙarfi, kuma ranar da aka juya alƙiblar sai kowa ya ji zafinta. Amma ramuwa ce tsakanin manya, yaran ɓangarorin biyu suna nan a matsayin abin nuni.

Wanda ya ba yaran damar ramawa da kansu shi ne Jim Hubbard, tsohon mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na UPI, wanda ya daɗe yana ɗaukar marasa matsuguni a Washinton. A 1989 ya kafa shirin Shooting Back, inda ƙwararrun masu hoto ke zagayawa da yaran gidajen kwanan marasa matsuguni suna koya musu. A Turanci kalma ɗaya ce ke nufin harbi da kuma ɗaukar hoto, don haka sunan yana nufin mayar da harbi. Littafin hotunan yaran ya fito a 1991, dabarar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Alƙawarinta a bayyane yake: baƙo ko da ido makaho ne, to, a bar 'yan gida su nuna gidansu.

Abin da Yaran Sonagachi Suka Gani

Zana Briski, mai ɗaukar hoto 'yar Ingila, ta je Sonagachi, babbar unguwar karuwai ta birnin Kalkata a Indiya, a ƙarshen shekarun 1990 da niyyar ɗaukar rayuwar matan wurin. Matan da masu gidajen suna gudun kyamara, yaransu kuwa suna bin ta a baya suna son taɓawa. Sai ta sayo ƙananan kyamarori masu sauƙin aiki ta buɗe aji. Yara takwas daga ajin, mata biyar maza uku, su ne fim ɗin da ta shirya tare da Ross Kauffman ya bi. Fim ɗin ya sami lambar masu kallo a bikin Sundance na 2004, sannan ya ci lambar Oscar ta finafinan gaskiya a watan Fabrairu na 2005.

Yabon gwani ya zama dole, kuma gwanayen farko a nan yaran ne. Duk inda fim ɗin ya tsaya ya nuna hotunansu ɗaya bayan ɗaya, mai kallo yakan ji kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Akwai yarinya a saman bene da birni a bayanta, akwai kyanwa, akwai shanyar tufafi masu launi, akwai ƙanne da ƙawaye suna gatsine, akwai titi da aka ɗauka a guje. Hoton da ya fi shahara shi ne wanda wani yaro ya ɗauka a bakin teku ranar da aka kai su yawon buɗe ido: ya ɗebi ruwa a bokiti da hannu ɗaya yana zubarwa a gaban idon kyamara, ya latsa da ɗaya hannun, ruwan ya tsaga hoton gida biyu, mutane suna wanka a can nesa. Wannan hoto ba ya neman tausayin kowa. Aikin mai tunani ne wanda ya gano cewa yana iya ƙirƙirar abin da zai ɗauka, ba sai ya jira duniya ta kawo masa ba.

Abin lura shi ne bambancin da ke tsakanin hotunan yaran da hotunan manyan da suka ɗauki fim ɗin. Kyamarar manya tana son dare da jan haske da lungu mai ƙunci da fuskokin maza masu wucewa a dishi-dishi. Kyamarar yara tana son rana da saman bene da fuskar da ta sani. Unguwa ɗaya ce, amma a idon manya wurin halaka ce, a idon yara kuwa gida ne mai daɗi da wuya, kamar kowane gida. Wannan bambanci shi ne hujja mafi ƙarfi da ke goyon bayan ba yara kyamara, domin ya tabbatar da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya kuma san inda ba ya yoyo. Abin takaicin shi ne fim ɗin da ya kawo wannan hujja bai yi aiki da ita ba.

Wace ce Tauraruwa?

Ɗalibin adabi ya san cewa tauraron labari shi ne wanda ke da buri, ya gamu da cikas, ya yi fafutika, labarin ya warware a kan nasararsa ko faɗuwarsa. Idan aka auna Born into Brothels da wannan ma'auni, za a ga a kashin farko yaran ne ke riƙe da zaren, suna gabatar da kansu da junansu da bakinsu. Daga tsakiyar fim ɗin sai zaren ya sauya hannu. Burin da ke jan labarin ya koma fitar da yaran daga unguwar zuwa makarantun kwana, mai burin kuwa ita ce malamar, wadda yaran ke kira Anti Zana. Ita muke bi daga ofis zuwa ofis tana neman takardu, ita ke roƙon makarantun da ba sa son 'ya'yan karuwai, ita ke jiran sakamakon gwajin cutar ƙanjamau da makaranta ta gindaya, ita ke faman neman fasfo domin yaron nan mai hoton bokiti ya halarci taron gidauniyar World Press Photo a Amstadam. Gajiyarta muke ji, da fushinta, da murnarta.

Ba a cewa wannan wahala ƙarya ce. Ta sha ta, kuma wanda bai taɓa tsayawa a layin ofis saboda ɗan wani ba bai kamata ya yi saurin raina ta ba. Abin da ake tarka shi ne zubi. Da zarar labari ya zama na ceto, to, dole a sami mai ceto da abin ceto da kuma abin da ake ceto daga gare shi. Yaran da suka fara a matsayin masu gani sai suka koma abin da ake jayayya a kansa. Ɗaukar hoton ma ya sauya aiki: da farko hanya ce ta duban duniya, daga baya ya zama tikitin fita, ya zama shaidar da ake nuna wa masu hannu da shuni cewa waɗannan yara sun cancanci a taimake su. A ƙarƙashin wannan akwai wata magana da ba a furta ba, mai nauyi ƙwarai. Idan baiwa ce ta sa yaro ya cancanci makaranta, ina makomar ɗan maƙwabta wanda hannunsa ke rawa, hotunansa suka fito a karkace?

Rubutun da ya rufe fim ɗin ya faɗi gaskiya gwargwado. Yaron da ya je Amstadam ya shiga makarantar kwana, yarinya ɗaya ta zauna a tata makarantar, wata uwarta ta cire ta, wata ta bari don kanta, wani ubansa ya hana, wata kuma danginta suka ƙi sakin ta. Daga baya yaron ya yi karatun fim a Jami'ar Niyok, kuma wannan nasara ce ta haƙiƙa. Amma yadda aka gina labarin ya sa mai kallo ba shi da wata fassara ga sauran sai cewa iyaye ne suka yi wa 'ya'yansu baƙin ciki, wato rijiya ta bayar guga ya hana. Fim ɗin bai zauna da uwa ko ɗaya ya tambaye ta, cikin natsuwa da mutuntawa, me ya sa rabuwa da 'yarta ya yi mata wuya ba.

Abin da Aka Bari a Wajen Hoto

Kowane hoto yana da gefe huɗu, kuma abin da aka bari a bayansu yana cikin ma'anar hoton. Iyaye mata a wannan fim galibi ana ganin su ne suna zage-zage da ashar ko suna dukan yara. Uban da aka fi nunawa mashayi ne da ba ya cikin hayyacinsa. Wanda bai san Sonagachi ba zai fita daga kallo da yaƙinin cewa babu wani babba mai hankali a unguwar sai baƙuwar da ta zo daga waje.

Tarihi bai yarda da haka ba. Tun 1992 aka fara shirin yaƙi da ƙanjamau a Sonagachi ƙarƙashin jagorancin Dakta Smarajit Jana, kuma abin da ya sa shirin ya yi suna a duniya shi ne matan unguwar ne da kansu suka zama masu wayar da kan 'yan'uwansu. A 1995 suka kafa ƙungiyarsu, Durbar Mahila Samanwaya Committee, suka kuma kafa ƙungiyar adashi da lamuni mai suna Usha domin su kuɓuta daga masu ba da bashi da ruwa. Ƙungiyar ta buɗe azuzuwan karatu ga mata da yara, ta kafa kwamitocin da ke hana shigar da ƙananan 'yan mata cikin sana'ar. Mutum yana iya ƙin sana'ar ƙi mai tsanani, yana iya saɓa wa ƙungiyar a kan manufofinta, amma ba zai ce babu ita ba. Duk wannan yana gudana a lungunan da aka ɗauki fim ɗin, a shekarun da aka ɗauke shi, fim ɗin kuwa ya yi shiru a kansa. Shugabannin ƙungiyar sun fito sun soki fim ɗin, haka ma Partha Banerjee, wanda ya yi aikin fassara maganganun cikinsa daga harshen Bengali, ya rubuta wa masu ba da lambar Oscar wasiƙa yana ƙalubalantar iƙirarin cewa an sauya rayuwar yaran, yana kuma tuhumar yadda aka ɗauki sirrin matan.

Wannan shiru ba mantuwa ba ce, buƙatar zubi ce. Labarin ceto ba ya jure wa kasancewar 'yan gida masu ƙoƙarin ceton kansu, domin suna rage wa mai ceto haske. Akwai kuma wani abu da ya ƙara fito da matsalar fili. Masu fim ɗin sun ce ba za su nuna shi a Indiya ba, don kare asirin matan. Niyyar tana da kyau, amma sakamakonta shi ne duniya duka ta ga fuskokin waɗannan mata a mafi munin lokutansu, su kuwa da maƙwabtansu, waɗanda su kaɗai ne za su iya cewa nan an yi daidai nan an yi kuskure, ba sa cikin masu kallon da aka nufa. Alƙiblar Riis ke nan ba ta sauya ba, illa dai a wannan karon an bi da ita ta hannun yara.

Almakashi da Kasuwa

Duk wanda ya san aikin hoto ya san cewa ɗauka ita ce mafi sauƙi. Ƙunshin fim ɗaya yana ba da hoto ashirin da huɗu ko talatin da shida, wanda za a wanke a girmama a rataya kuwa bai wuce ɗaya ko biyu ba. A nan marubucin hoto yake bayyana, kamar yadda gwanin waƙa ke bayyana a baitocin da ya zubar. Adalci ne a faɗi cewa Briski ta koya wa yaran wannan mataki na farko, domin ana ganin su a fim ɗin sun duƙufa a kan takardar da aka jera ƙananan hotuna, suna muhawara a kan wanda ya yi kyau da dalilin kyansa. Waɗannan su ne wuraren koyarwa mafi inganci a fim ɗin.

Amma almakashi hawa-hawa ne. A sama da zaɓen hoto ɗaya akwai zaɓen waɗanda za su shiga baje koli, da waɗanda za su shiga kalandar ƙungiyar Amnesty International, da waɗanda za a yi gwanjonsu a Sotheby's, kamar yadda aka yi da hotunan waɗannan yara. A sama da duka akwai tace fim ɗin kansa, wanda aka yi nesa da Sonagachi, inda aka yanke wace magana ta yaro za ta shiga, wane kiɗa za a sa a ƙarƙashinta, wane zagi na uwa zai biyo bayanta. Babu hannun yaro a wannan hawa. Hoton kyanwa a hannun yarinyar da ta ɗauke shi hoton kyanwa ne. Idan aka rataye shi a Niyok ƙarƙashin suna mai cewa an haife ta a gidan karuwai, ya zama hoton yarinya abar tausayi wadda duk da halin da take ciki ta iya ganin kyanwa. Sunan ya riga hoton isa zuciyar mai kallo.

Ba za a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin kuɗin hotunan an ware su ne don karatun yaran, ta hannun ƙungiyar Kids with Cameras da Briski ta kafa. Matsalar ta fi ta kuɗi zurfi. Kasuwar da ke sayen irin waɗannan hotuna labarin mai ɗaukar take saye tare da hoton, kuma gwargwadon munin labarin gwargwadon darajar kayan. Yaro mai wayo ba ya daɗewa bai gane wane hoto ne ke sa fuskar baƙo ta sauya ba. Idan ya lura cewa kwata da bola sun fi bikin suna samun yabo, zai kawo kwata da bola. A nan sai a wayi gari an koya masa duban unguwarsu da idon baƙo, alhali don a kauce wa idon baƙon aka ba shi kyamarar. Wendy Ewald, wadda ta yi aiki da yaran ƙauyukan Kentucky ta fitar da littafin Portraits and Dreams a 1985, ta kauce wa wannan tarko ta wata hanya mai sauƙi: ta ce su ɗauki mafarkansu. Yaron da aka ce ya ɗauki mafarkinsa an ɗauke shi mai ƙirƙira, wanda aka ce ya ɗauki talaucinsa kuwa an mai da shi ɗan rahoto a kan iyayensa.

Darasin Mathare

A 1997 Lana Wong, mai ɗaukar hoto Ba'amurkiya, ta fara shirin Shootback a Mathare, ɗaya daga cikin manyan unguwannin marasa galihu na Nairobi. Ta ba yara maza da mata kimanin talatin, 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha bakwai, kyamarorin roba masu arha. A 1999 aka buga littafin hotunansu a Landan, tare da rubuce-rubucen da suka yi da kansu. A zahiri labarin ɗaya ne da na Kalkata: baƙuwa, da yaran talakawa, da littafin da aka buga a Turai mai ɗauke da sunan unguwar talauci a bangonsa. Shi ma bai kuɓuta daga kasuwar tausayi ba.

Bambancin yana wurin tushe. Wong ba ta kafa shirin a kan kanta ba, ta dasa shi ne a cikin ƙungiyar wasanni ta matasan Mathare, wato MYSA, wadda ke nan tun 1987, wadda matasan unguwar ke tafiyar da gasanninta, har ƙungiyoyin ƙwallonta kan sami maki idan sun yi aikin kwashe shara. Ta yi aikin ne tare da Francis Kimanzi, ɗaya daga cikin jagororin matasan ƙungiyar. Ba a nufi fitar da kowa daga Mathare ba, don haka ba a buƙaci a mai da iyaye abokan gaba ba. Da baƙuwar ta tafi, shirin ya ci gaba a hannun ƙungiyar. Julius Mwelu, wanda ya shiga yana ɗan shekara goma sha biyu, ya zama ƙwararren mai hoto, ya yi aiki da IRIN, kafar labarai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, sannan a 2007 ya kafa gidauniyar Mwelu a cikin Mathare yana koya wa ƙannen bayansa.

Mai karatu Bahaushe ya san sunan wannan abu. A sana'o'inmu, ɗinki ne ko ƙira ko kanikanci ko shagon hoto, ba a auna maigida da yawan yaran da ke shagonsa, ana auna shi da waɗanda ya yaye. Yaye shi ne ranar da yaro ya karɓi almakashi ya yanka yadin mutane ba tare da an tsaya a kansa ba, ya buɗe nasa shagon, shi ma ya ɗauki yara. Maigidan da ya bar yaro shekara goma yana sa maɓalli da guga, ko da yana ciyar da shi yana yi masa sutura, ba a ce ya koya masa sana'a ba. Da wannan ma'auni, Kalkata ta fitar da yaro ɗaya zuwa duniya, Mathare kuwa ta samar da malami a cikin gida. Dukansu alheri ne, amma na biyun ne ke haihuwa.

An gwada makamancin haka a Kano a 2011, lokacin da wasu almajirai tara suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi tare da mai bincike Hannah Hoechner, su suka tsara labarin, suka fito a ciki, suka riƙe kyamara. Muhimmancinsa ga wannan tattaunawa shi ne da Hausa aka yi shi, don haka masu gidajen da almajirai ke yi wa aikatau suna iya kallonsa su ji abin da ake faɗa musu. Harbin da aka mayar ya nufi inda na farkon ya fito.

Kammalawa

Wannan maƙala ta bi dabarar ba yara kyamara daga ɓarnar da ta zo gyarawa zuwa shahararren misalinta, ta nuna cewa Born into Brothels ya ƙunshi ayyuka biyu masu ja da juna. Akwai hotunan yara, waɗanda ke cewa Sonagachi gida ne mai mutane, akwai kuma fim ɗin manya, wanda ke cewa rami ne da sai an ciro mutum daga ciki. Na biyun ya rinjayi na farko domin shi ke riƙe da almakashi. Wannan bai soke alherin da aka yi ba, bai kuma mai da dabarar abin banza ba, hoton bokitin nan kaɗai ya isa shaida.

Abin da ya rage shi ne a san tambayoyin da za a yi wa duk shirin da ya zo da wannan da'awa. Wa ya zaɓi hotunan da aka rataya? Wa ya rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsu, kuma da wane harshe? Iyayen da ke cikin hotunan sun gan su kafin baƙi su gani? Idan malamin ya koma ƙasarsu, wa zai buɗe aji mako mai zuwa? Shirin da amsarsa ga waɗannan ta kasance yaran da unguwarsu, shi ne ya cika alƙawarin barin mai waƙa ya rera waƙarsa. Wanda amsarsa ta kasance malamin, ya ba da aron kyamara ne kawai, kuma kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.